Ko Uban Ba a Haifa Ba

Saura minti ɗaya a fitar da malamin lissafi daga gasar da yake bugawa a waya, tambaya ta tsaya masa a wuya: shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku, bayan shekara goma za su ninka sau huɗu.

Ya ja tsaki, har kowa a ɗakin malamai ya waigo. "Wane daƙiƙi ya tsara wannan? A lissafin nan ko uban ba a haifa ba!"

Malamar tarihi ta leƙa wayar, ta karanta ƙaramin rubutun ƙasa.

"Malam, ai daga jarrabawarka ta bara aka kwafo ta. Wadda ka kayar da yara arba'in a cikinta, ka ce musu daƙiƙai."