Ba Ta Shiga Kicin da Ita

"Inna, ai wannan sabuwa ce fil!" in ji mai gyara, yana jujjuya na'urar jin da take sawa a kunne. "Shekara biyar ake ba irinta, taki ta haura bakwai. Mene ne sirrin?"

"Bin doka, ɗan nan. Kullum sai na goge ta. Kun ce tururi na kashe ta, ban taɓa shiga kicin da ita ba."

"Da kowa irinki ne, ai da mun rasa abinci!" Ya kece da dariya. "Ina Baba? Yau ango bai rako amarya ba?"

Ta daɗe tana kallon na'urar a tafin hannunsa.

"Ina kicin ya faɗi a ɗaki. Maƙwabta sun ce ya jima yana kiran sunana."