Kukan Kuloci

Giyabos ɗin ya sauko da nauyin da Mai Takalma bai yi tsammani ba, saura ƙiris ya tafi da yatsunsa. Ya mirgino daga ƙarƙashin motar, fuska duk baƙin mai, ya zauna a tsakar gida yana haki. Mutumin da ko taya bai taɓa canzawa ba, yau shi ne ya farke cikin mota, ga waya jingine da bulo tana nuna masa yadda ake yi.

Wani ɗan kuka ne ya jawo duk wannan. Motar a hannun ƙanin matarsa ya saye ta, wanda kowa ke kira Auta. Ranar da aka miƙa masa makulli ya sheƙa wanka, ya zaro sabon takalmi sau-ciki daga shagonsa, don a cewarsa mai mota ba ya tuƙi da silifa. Yana taka kuloci ya ji wani siririn ƙiiii. Ya saki, shiru. Ya sake takawa, ƙiiii.

Ya tambayi waya, waya ta ce in kuloci yana kuka lokacin da aka taka shi, boris ɗin da ke tura shi ne ya mutu. Shi ke nan, Mai Takalma ya samu abin yi. Auta ya cuce shi, ya lallaɓa masa mushe. Ya kai ƙara wurin surukarsa, ya faɗa a shago, ya faɗa wurin mai aski, kuma duk inda ya faɗa sai ya tsuke baki ya kwaikwayi kukan, har dangi kaf suka haddace shi.

Auta ya zo ya ja motar, suka zaga unguwa tare. Ko tari ba ta yi ba.

"Yaya, ni fa ban ji komai ba."

"Ai ka san yadda kake lallaɓa ta."

Matar ma ta gwada, shiru. Ya ce ita ai ba ta taka kuloci har ƙasa.

Daga nan zumunci ya yi tsami. Auta ya ɗauke ƙafa, yara suka daina zuwa gidan kawunsu, abin ya ishi matar har ta gaji da kukan ɓoye.

"Baban yara, kawo shaida," ta ce. "In boris ɗin ya mutu, ni da kaina zan sa Auta ya ba ka haƙuri a gaban Mama. In lafiyarsa ƙalau, kai za ka ba shi."

To, Mai Takalma bai taɓa ba wa ɗan Adam haƙuri ba. Wanda duk ya dawo masa da takalmi ya ce yana da matsala, amsa ɗaya yake samu: ƙafarka ce karkatacciya. Bakanike kuma ba zai kai wa ba, don a ganinsa duk abokan Auta ne. Dole ya shiga ƙarƙashin mota da kansa.

Ga shi yanzu ya zaro tsohon boris ɗin, ya juya shi da yatsa. Abin ya juya sumul, kamar jiya aka saka shi. Ya waiga, ya ji motsin matar can a kicin. Sai ya ɗauki guduma ya ɗan gaisa da boris ɗin, ya bi shi da yashi. Da ya sake juyawa, sai gurr-gurr. Ya gaya wa zuciyarsa wannan ba ƙarya ba ce, tunda kukan da kunnensa ya ji shi. Gaskiya ce kawai ya taimaka wa ta fito.

Ya shafa wa sabon boris ɗin da ya sayo giris ya zura, mai aski ya kama masa suka mayar da giyabos da ƙyar da nishi. Notuna suka yi saura a ƙasa, ya tattara su a aljihu, ya ce masu ƙera mota ne da almubazzaranci. Ko hannu bai wanke ba ya faɗa kujera da silifar aikinsa, ya ƙwala wa matar kira. Ya tayar, ya taka kuloci har ƙasa. Shiru. Ya sake takawa, shiru. Tausayin ƙaninta ya kama matar.

Gidan surukar a bayan layinsu yake, da ƙafa suka tafi, shi a gaba cikin kayan fitarsa tsaf daga sama har ƙasa, boris a leda. A baranda suka tarar da Mama da Auta da sauran dangi. Ya ɗora shaidar kan tebur, ya juya ta, ta yi gurr-gurr. Auta ya daɗe yana kallonta, kunya ta rufe shi.

"Wallahi Yaya ban sani ba. Amma tunda ga shi, ina mai ba ka..."

Hannun Auta ya bugi tebur, boris ya gangara ƙarƙashin kujerar Mama. Auta ya yunƙura zai ɗauko.

"Bari, kar ka taɓa mini shaida," in ji Mai Takalma. Ya tsuguna da kansa, ya miƙa hannu, ya danne nauyinsa kan yatsun ƙafa.

Ƙiiii.

Babu wanda bai gane kukan ba, ai shi ya koya musu. Aka waiga neman mota, mota kuwa tana can gida. Mai Takalma ya ƙame a tsugune, hannu ƙarƙashin kujera. Mama ta gyara tabarau, ta sunkuyo.

"Ɗan nan, sake taka kulocin mu ji."

Bai yi niyya ba, ƙafar ce ta gaji ta motsa. Ƙiiii, in ji sabon takalminsa na hagu.