Kwalbar Inna Rabi

Ina aji uku a firamare shekarar da aka yi rikici a Kafanchan. Wata rana da la'asar, bayan gari ya lafa, Mama ta jawo wata ƙaramar tukunya daga ƙarƙashin gado. Man gyaɗa ne da dakakkiyar citta, wanda ita da maƙwabciyarmu Inna Rabi suka jiƙa tare don ciwon gwiwa, tun kafin a ƙona gidan su Inna Rabi.

Ta shimfiɗa tsohon ɗankwali a bakin kwano, ta ce, "Riƙe nan da kyau."

Na riƙe, ta juye tukunyar a kai. Man ya riƙa sauka a hankali, ƙanshin citta ya danne ƙaurin da ke tsallako mana ta katanga. Mama ta murɗe ɗankwalin har ya daina ɗiga. Sannan ta jera kwalabe biyu, ta cika su daidai wa daida.

Na ce, "Mama, ɗayar ta wa ce?"

"Ta Rabi mana. Citta tata ce, mai nawa ne."

"Ai Baba ya ce ba ta fito daga gidan ba."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Na ji. Kawo murfi."

Na kawo. Ta rufe, ta goge kwalbar da bakin zaninta.

Ban yi kuka ba ranar, ita ma ba ta yi ba. Yanzu na wuce shekarun da take da su a lokacin, kuma har yau kukan bai zo mini ba.