Ganyen Gwanda a Bayan Gareji

Da bakanike ya tarar matarsa ta wanke wandonsa har da ƙullin wiwin da ke aljihu, sai ya murmushe busasshen ganyen gwanda ya naɗa. Ya nufi bayan gareji yana ɗari-ɗari, domin abokansa ba sa yafe rainin hankali.

Direban tirela, mai taƙamar hancinsa na gane kaya tun daga nesa, shi ya fara zuƙa. Ya lumshe ido.

"Kai, mutumina! Wannan ai ta manya ce."

Shi ke nan fa. Tela ya hau dariya har da hawaye. Mai walda ya rungume tsohuwar taya yana rantsuwa ƙasa na juyawa. Bakanike ya bi su da kallon takaici. Ashe duk shekarun nan da bakin direba suke buguwa.

Washegari ya kawo ta gaske don ya wanke laifinsa. Direba ya zuƙa, ya yamutsa fuska, ya tofar da yawu.

"Wa ya cuce ka da ciyawa? Samo mana irin ta jiya."

Sauran suka gyaɗa kai, idanunsu jawur.