Gangunan Jirgi a Bayan Gida

Da marin farko Usuman ya faɗi kan tabarma, shayin da yake sha ya zube masa a ƙafa. Dela tana bayan labule, ta cusa bakin mayafinta cikin baki don kar a ji numfashinta.

Su uku suka shigo bayan la'asar, ko sallama babu. Na gaba Abduljalil ne, shugaban lebura a tashar jirgin ruwa, inda babanta Usuman yake aiki.

Maganar gangunan nan ce. Kafilinsu Hamad, Balaraben da ya tsaya musu suke zaune a ƙasar, ya sayar da wani tsohon jirgi ga masu yanka jirage su sai da ƙarfen, kuma doka ta ce kafin a ja shi sai jami'ai sun shiga sun ga duk wata guba da ke ciki, an kai ta inda ake kai irinta. Hamad bai son wannan wahala. Sai ya sa aka kwashe shuɗayen ganguna masu zanen ƙoƙon kai, aka rarraba gidajen lebura a ɓoye. Wanda ya ƙi, a soke iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar.

Na gidan su Dela suna bayan gida, an rufe da tsohon bargo. Inna ta ga ɗaya babu komai ciki, ta wanke ta da ƙasa da sabulu yadda ake wanke kwanon da kare ya lasa, ta ce ai ta tsarkaka, ta tara ruwan wanka. Saif, autansu, aka fara yi wa wanka da shi. Fatar bayansa ta saɓule kamar bawon dafaffen dankali. Asibiti kuma babu halin zuwa, za a tambayi dalili.

Da safiyar yau jami'ai suka zo suka kwashe gangunan gidansu, aka hana jirgin tashi.

"Kai ka kira su, ya hayawan!" Abduljalil ya taka wuyan Usuman da takalmin aiki.

"Wallahi ba ni ba ne," in ji Usuman. "Ni da ko cefane da Larabci sai yaran nan sun raka ni?"

Ɗaya daga cikinsu ya naushe shi a baki, haƙori ya faɗo cikin kofin shayi. Inna ta yi kansu tana kuka, aka hankaɗa ta ta bugi firji.

Abduljalil ya cire wayar Usuman daga caji, ya lallatsa, ya juya masa fuskarta. Ga lambar jami'an nan, an kira ta shekaranjiya.

"To in ba kai ba, wa ke taɓa wayar nan a gidan nan? Yalla, a fito min da kowa."

Jini na bin gemun Usuman. Ya daɗe yana kallon silin.

"Ni ne," ya ce. "Halas. Ni na kira."

Suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dakalin ƙofa. Abduljalil ya ɗauko ƙarfen tayar mota. Sau biyu Dela ta ji ƙarar ƙashi.

Da suka fita, Inna ta rarrafo tana dafe da kai. "Baban Dela, me ya kai ka? Yanzu ina za mu?" Ya ce ta je ta duba Saif.

Dela ta zo da tsumma da ruwa. Ta kasa kallon fuskarsa. Shi kuwa ya turo mata wayar da hannunsa mai lafiya, ya yi ƙasa da murya.

"Sauran gangunan suna gidan Nasir, abokin aikina. In kin kira su wannan karon, 'yata, ki goge lambar."