Garkar Illo Daga Tagar Jirgi

A duk Madarumfa babu wanda ya taɓa ganin gadon bayan ungulu tana cikin tashi sai Illo. Shi ya faɗa, kuma kullum sai ya ƙara faɗa. Ya ce ranar da wani Nasara, malamin gona, ya zagaya tabki da jirgin sama yana ɗaukar hoto, shi ne zaune jikin taga. Wuni guda suka yi a sama. To, ba wuni ba dai, rabin wuni. In an matsa masa sai ya ce kamar a dama fura a shanye, amma dai ya hau.

Ta tagar nan, in ji shi, tabki bai fi faifai ba. Rumbuna kamar an kifa ƙore a rana, masunta bisa gorunansu kamar ƙuda a cikin nono. In aka ce Maraɗi fa, yaya take daga sama, sai ya ce gajimare ya tare. Amma ƙarar jirgin, wannan ya san ta sarai. "Ƙara ce," in ji shi, "da za ka rantse bisa kanka abin zai faɗo."

Yana da shaida. Hoto ne guda da Nasaran ya ba shi, naɗe cikin tsumma. Ba ya ba kowa ya riƙe. Shi zai riƙe, babban yatsansa danne a gefe, kai kuma ka leƙa ta kafaɗarsa.

Labari ya yi ta ƙiba shekara uku. Hawan jirgi ya zama tafiya Maraɗi, tafiya Maraɗi ta zama rani guda cur yana koya wa Nasara sunayen garuruwa. Ba mai ƙaryata shi, don dama da rani ba a ganin Illo cikin gari. Garkarsa tana can hayin tabki inda ba kowa ke zuwa ba, a bukka yake zama har a cire albasa.

Audu, ɗan ƙanen babansa, yana ji yana ajiyewa.

Garkar bakin tabki ba gado ba ce, ta mai ban ruwa ce. Wanda ya bar tasa rani guda bai ja jigo ba, wani ya shiga ya ja, ta zama ta wancan. Ta Illo kuwa ita ke riƙe gidan mutum tara in gero ya ƙare.

Ranar Laraba Audu ya gurfana gaban maigari.

"Ranka ya daɗe, ban zo da shaida ba, bakinsa ne shaidata. Ya ce ya yi rani a Maraɗi. To wa ya yi ban ruwa? Ni ne. Kunya ta sa na yi shiru, yanzu kuwa ta ƙare."

Maigari ya dubi Illo. "Abin mai sauƙi ne. Ka ce ba ka tahi Maraɗi ba, ba ka hau jirgi ba, in sallami Audu kowa ya kama gabansa."

Zaure ya cika maƙil. Duk waɗanda suka sha labarin ungulu suna nan, kunnuwa a miƙe. Illo ya gyara zama, ya ɗaga haɓa.

"Ranka ya daɗe, na hau. Ko yanka ni za a yi, na hau. Garka kuma tawa ce. Ba na sakin sama, ba na sakin ƙasa."

Ya kwance tsumma. "Ga garkar nan, da wanga yatsa na danna na ɗauki hoton. Ku dubi kunyoyi a jere kamar kitso. Audu ya iya wanga aiki? Mutumin da ko igiyar akuya bai iya ɗaurewa?"

Aka yi dariya. Maigari bai yi ba, hannu ya miƙo. Ba a hana maigari abu. A karo na farko cikin shekara uku, yatsan Illo ya tashi daga gefen hoton.

Nan gindin jigo akwai wani abu baƙi, a kife.

"Wannan fa mi ne?"

"Kututture ne, ranka ya daɗe."

"Kututture da wando?"

Audu ya zabura har hularsa ta faɗi. "Ni ne! Wallahi ni ne, ina gyaran hanyar ruwa!"

Illo bai sunkuyar da kai ba. Ya ce duk wanda ya ga mutum a nan idonsa ke da ciwo, shi da ya ɗauka daga sama ya fi kowa sani.

"To," in ji maigari, "wanda ke cikin hoton nan shi ya yi rani a garka, shi ke da ita. A kira Kulu."

Kulu tsohuwa ce, garkarta ke jikin ta Illo, ba ta taɓa zama jin hirar maza ba. Ta zo tana dogara sanda, ta kai hoton bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana kallo. Audu yana ta kiran ta Inna. Illo ya kafa ido a rufin zaure, kamar maganar ba tasa ba.

"Audu, yi mini shiru, kai ko albasa ɗaya ba ka taɓa bai wa ruwa ba," in ji ta. "Wanga da ya tusa kai cikin kwando, gindi sama, yana kiran uwarsa tun da jirgin ya taso, ni na jawo shi ta ƙafa. Illo, ashe an ɗauke ka?"