Mai Turin Fina-finai da Ledar Goro

Kai da ranka ya ɓaci don an ce ka gyara, zauna ka ji wannan misali.

An yi wani mutum mai shagon turin fina-finai a bakin tasha, irin shagon nan da kake miƙa waya a cika maka da fim ka tafi gida ka kalla. Jarinsa kaf kwamfuta guda ce. Ita ce gonarsa, da ita ya yi aure, da ita yake ciyar da iyali har da tsohuwarsa. Intanet kuwa yana samu ne daga wani ƙaramin kamfani da ya ja wa shagunan layinsu waya. Rannan wani sabon fim ya faɗo hannunsa ta bayan fage, fim ɗin da ko sinima bai shiga ba, mai shi yana ta tallarsa a rediyo cewa sai da sallah zai fito. Gogan naka ya ce kakarsa ta yanke saƙa. Bai tsaya kan masu zuwa shago ba, sai da ya ɗora shi a wani shafi don na nesa ma su sauke. Ba a jima ba intanet ɗinsa ya ɗauke ɗif. Saƙo ya shigo daga kamfanin cewa mai fim ya kawo ƙara, don haka sai shi mai shago ya cire abin da ya ɗora kafin a mayar masa da layi. Ya karanta, ya ja tsaki, ya yi dariya irin ta wanda ya san gari. A saninsa, duk wanda ya tare ka ya ce kayanka ba daidai ba, tafin hannunsa ne ke ƙaiƙayi. Sai ya sayi goro farare masu kyau, ya cusa ɗan abin da ya cusa a ƙarƙashinsu, ya ƙulle leda, ya nufi ofishin kamfanin da babbar riga.

Wata ma'aikaciya ya tarar, sa'ar 'yarsa ta fari. Ya ja gaisuwa har da tambayar mutanen gida, sannan ya tura ledar gefen tebur, ya ce ga ɗan goro a sa albarka. Ta buɗe, ta ga abin da ke ƙasa. Ta ɗauki goro ɗaya tak don kada ta kunyata babba, ta ƙulle sauran ta tura masa.

Ta ce, "Baba, ba rabo muke nema ba. Mai fim ya riga ya je kotu, kuma za a zo layinku. Mun ga gara ka ji daga bakinmu. Ka cire shi yau, ka je ka same shi."

Ya fito yana huci, wai yarinya ta raina goronsa. Maƙwabtan shagonsa, da su ma suke tura fim ɗin, suka yi masa dariya, suka ce kai ma dai da neman wahala, sa wani layi a waya ka ci gaba, haka muka yi. Amma ledar nan da aka mayar masa ta hana shi sukuni. Tun da yake kasuwa bai taɓa ganin an mayar da irin wannan leda ba. Da ya ba matarsa labari, ita ce ta ce masa ai wanda ya ƙi karɓa ba ciniki ya zo yi ba. Tsoro ya shige shi. Ya goge fim ɗin daga shafi da kwamfuta, yana gogewa yana jin kamar haƙori ake cire masa, sannan ya nemi mai fim. Ya zaci zai ga wani mai tumbi a cikin mota. Sai ya tarar da mutum ramamme a kan benci, wanda ya sayar da gonar gadonsu ya yi fim ɗin, yana jiran sallah kamar yadda manomi ke jiran kaka. Kunya ta rufe mai shago, ya tsuguna ya nemi gafara. Mutumin ya yi faɗa son ransa, daga baya ya huce, ya ba shi izinin tura fim ɗin bayan ya fito, kowa da kasonsa.

Ana saura kaɗan sallah, sai ga mota a bakin tasha da umarnin kotu. Aka bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya, ana fito da kwamfutoci a ka, ana garƙame ƙofofi da kwaɗo. Waɗanda suka yi masa dariya suna tsaye, hannu a ka, abin tausayi. Aka shigo nasa, aka bincika, aka ga izininsa, aka ce Allah ya ba da kasuwa, aka wuce. Ya zauna daɓas a gaban kwamfutar yana jin ƙugin fankarta, hawaye na zuba, bai ma damu da wa ke kallonsa ba. Ko sunan yarinyar nan bai sani ba, amma tun daga ranar ba ya idar da salla bai sa ta a addu'a ba, ita da iyayen da suka haife ta.

To ka ji. Kafin ka yi fushi da mai yi maka gargaɗi, ka tuna Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.